LIKITA MILA NA ZARIYA: MUTUMIN DA YA BAR MANA TAKARDAR GĀDO

Kowace safiya in an buga ƙararrawa mun taru don sujada, wani yakan tashi ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta mana da Hausa, mu kuwa sai mu ɗauka dama can haka aka same shi. Ba haka ba ne. An yi zamanin da babu wannan Littafi da harshenmu, kuma akwai waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu da lafiyarsu kafin ya samu. Babba a cikinsu shi ne Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka sani da suna Likita Mila. Labarinsa muke so mu kawo muku a bana.

Dukanmu mun san yadda sha'anin gādo yake a garuruwanmu. Uba ya rasu ya bar gona da takardar shaida, amma marayan bai iya karatu ba, sai abin da wani ya gaya masa. In mai karantawar mai tsoron Allah ne, to madalla. In kuwa ba haka ba, sai a wayi gari iyakar gona ta matso, yaro yana kallo ba shi da ta cewa. Gonar tasa ce tun ranar da aka rubuta takarda, amma ba zai ci moriyarta sosai ba sai ranar da ya iya karanta abin da aka bar masa.

Littafi Mai Tsarki irin wannan takarda ce. Ko sunan ɓangarorinsa biyu ya nuna haka, wato Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. A Romawa sura 8 an koya mana cewa 'ya'yan Allah magada ne tare da Almasihu, a wasiƙar Bitrus ta fari sura 1 kuma an ce gādon nan ba ya ruɓewa, a ajiye yake dominmu. Amma ta yaya mutum zai ba da gaskiya ga alkawarin da bai ji ba, ko wanda ya ji da harshen da bai sani ba? Wannan tambaya ce ta cinye rayuwar Likita Mila.

Haihuwarsa da kiransa

An haife shi a shekara ta 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a kudancin Ingila. Tun yana yaro ya ba da ransa ga Ubangiji. Da ya girma sai ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan. Da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya tara abin duniya, gama likita ba ya rasa abinci.

A lokacin nan labarin ƙasar Hausa ya fara bazuwa a ikilisiyoyin Ingila. Wani fasto mai suna John Robinson ya rasu a Lokoja a 1891 yana cikin koyon Hausa, sai ɗan'uwansa Charles Robinson ya ɗauki aikin, ya yi tafiya har Kano, ya koma gida yana ba da labarin wata babbar al'umma mai birane da ganuwa da kasuwanni da malamai, wadda harshenta ya kai ko'ina fatake suka sa ƙafa. Mila ya ji kira a zuciyarsa, ya miƙa kansa ga mishan ta CMS ta ikilisiyar Angalikan.

Abin da ya fara yi ya isa koyi. Bai yi gaggawar zuwa wa'azi ba, sai da ya nemi harshe tukuna. Shi da abokansa suka tafi Tarabulus a bakin Bahar Rum, inda ayarin raƙuma daga Kano yake sauka, inda kuma ake samun Hausawa fatake da alhazai masu wucewa. A can ya zauna a ƙarƙashinsu kamar ɗan makaranta. A can ne kuma ya sadu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar aikin haji. Yaron nan ya zama kamar ɗa a gare shi daga baya, kuma a bakinsa ya tsinci Hausa mai yawa.

An rufe masa ƙofar Kano

A watan Janairu na 1900 mutum biyar suka tashi daga Legas: Bishop Herbert Tugwell, da fastoci biyu, Richardson da Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin, da Likita Mila, yana ɗan shekara 27. Suka haye Kwara a Jebba, suka bi ta Zariya inda Sarki Kwasau ya karɓe su da mutunci, suka isa Kano a watan Afrilu. Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, ya ba su kwana uku su fita daga garinsa.

Kada mu yi saurin ganin laifin Sarki. A ranar 1 ga Janairun wannan shekara Turawan mulki suka kafa tutarsu a Lokoja suna cewa ƙasar Arewa ta shiga hannunsu, ga kuma waɗansu Turawa sun iso ba da gayyata ba. Mai gari yana da dalilin yin zargi, kuma shekara uku bayan haka sojojin Ingila suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi.

Baƙin suka juya kudu, suka zauna a Girku. Can Dudley Ryder ya rasu, Richardson ya kwanta ciwo aka mai da shi gida, gidan da suka gina kuma ya ƙone. A farkon 1901 sauran suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Ga idon mutum, tafiyar nan asara ce tsantsa. Amma Mila bai ɗauka rufe ƙofa ya soke kira ba. A cikin wannan shekara ta 1901 ya fitar da wani ɗan littafi na koyon Hausa, ya kuma shirya komowa.

Zamansa a birnin Zariya

A 1905 ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cewa gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka aka hana 'yan mishan shiga yawancin biranen sarakuna shekaru da yawa. Mila ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, 'yar'uwarsa Ethel kuma ta zo ta taya shi aiki. Ko da yake likita ne, yawancin ƙarfinsa ga koyarwa da fassara ya tafi.

Shekaru suka yi ta wucewa, masu bi kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Sai a 1913 waɗansu baƙi suka zo wurinsa daga ƙauyukan gabashin Zazzau. Su zuriyar almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin da ya yi a kan Annabi Isa ya sa ya fara koyar da abin da hukumar zamaninsa ba ta yarda da shi ba, har aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekaru 45 kafin nan. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da kewaye, suna riƙe da ɗan abin da suka ji, suna jiran ƙarin bayani. Da suka iske mutumin da yake da Linjila da Hausa, sai waɗansunsu suka zauna suna koyo.

Aka kafa musu gari a Gimi, ƙarƙashin kulawar Fasto Thompson, baƙar fata daga tsibiran Yammacin Indiya. Aka gina majami'a da makaranta, aka yi gonaki, abu ya fara kyau. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando yake kawowa, ya faɗa wa garin. Cikin 'yan shekaru mutane da yawa suka mutu, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa Zariya, Gimi ta zama kufai.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani, gama akwai masu koyar da cewa gādon mai bi shi ne mota da gidan bene da rashin ciwo, wai in ka ba da gaskiya sai ka kama. To, me za mu ce da Dudley Ryder da kabarinsa a Girku? Me za mu ce da mutanen Gimi? Bangaskiyarsu ce ta kasa? Ibraniyawa sura 11 ta lissafta mana bayin Allah da suka mutu suna hangen alkawari daga nesa, ba su taɓa shi da hannu ba, amma Allah bai ji kunyar a kira shi Allahnsu ba. Gādon da aka alkawarta shi ne gafarar zunubi, da zama 'ya'yan Allah, da Ruhu Mai Tsarki wanda Afisawa sura 1 ta kwatanta da kafin alkalami, da rai madawwami. Ciwon barci bai iya ƙwace ko ɗaya daga cikinsu ba.

Irin da aka shuka kuma bai mutu ba. Daga zuriyar Isawa Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje. Daga wannan ƙaramar jama'a ta Zariya aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa. A 1929 aka mai da aikin mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausawa, kuma a Wusasa ɗin nan Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Aikin fassara

Ba Mila ne ya fara sa Maganar Allah cikin Hausa ba. Tun a shekarun 1850 wani Bajamushe mai suna James Schön ya fara fassara waɗansu littattafai a Ingila, da taimakon Dorugu, wani saurayi Bahaushe da matafiyin nan Barth ya tafi da shi Turai. Amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, don haka Hausarsa ba ta sauka a kunnen mutane yadda ya kamata ba. Ana bukatar wanda ya zauna cikin jama'a, ya ji yadda ake ciniki da shari'a da gaisuwar makoki da faɗan kishiyoyi.

Mila ya zama jagoran aikin, amma ba shi kaɗai ya yi ba. 'Yan mishan na waɗansu ƙungiyoyi sun sa hannu, musamman Dokta Andrew Stirrett na SIM. Akwai kuma Hausawa, malamai da ɗalibansa, waɗanda suka zauna da shi suna auna kalma ɗaya ɗaya, suna gaya masa inda magana ta yi daidai da inda ta zama Hausar Bature. Ladansu yana wurin Allah.

Mu duba girman aikin. Littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, surori 1,189 gaba ɗaya. Akwai tarihi, akwai dokoki, akwai waƙoƙi da karin magana da wasiƙu, kowanne da irin harshen da ya dace da shi. Ba wutar lantarki, ba kwamfuta, sai alkalami da fitila da zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya taimaka shi ne Hausa ba matalauciyar harshe ba ce. Ta riga ta mallaki kalmomi irin su Allah, da annabi, da mala'ika, da zunubi, da tuba, da gafara, waɗanda malaman Musulunci suka daɗe da shigar da su bakin jama'a. Tana da alheri, tana da bangaskiya wadda asalinta ba da gaskiya ne. Tana kuma da fansa, kalmar da kowa ya san nauyinta a zamanin da dangi sukan tara dukiya su karɓo ɗan'uwansu daga bauta. Bahaushen da ya karanta cewa Almasihu ya fanshe shi bai bukaci dogon bayani ba.

Sabon Alkawari ya fito a 1925. Da aka koma Wusasa, Mila ya tafi Kano da zama don ya ƙarasa sauran. A 1932 Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Ingila ta buga cikakken Littafin da Hausa. Ku lura da ikon Allah: garin da aka ba shi kwana uku ya fita, a nan ya kammala aikin, bayan shekara 32. Wannan yana tuna mana da Kalibu a Joshuwa sura 14, wanda aka yi wa alkawari yana da shekara 40, ya riƙe maganar har ya kai 85, sa'an nan ya je ya nemi rabonsa. Sai dai Kalibu tuddan Hebron ya samu, Mila kuwa ko taƙi ɗaya na ƙasa bai nema wa kansa ba. Mai haƙuri shi yake dafa dutse ya sha romonsa.

Inda Littafin ya kai

Mila ya yi aikin ne yana tunanin Hausawan birane, amma Allah ya kai Littafin inda bai zata ba. Mutanen Filato, da kudancin Zariya, da Tangale, da Adamawa, da ƙasar Zuru da Yawuri, masu harsuna barkatai, suka iske ga Littafi da harshen da suke ji a kasuwa. Da shi aka koya wa dubban manya karatu a azuzuwan baftisma, da shi aka horar da masu bishara, shi ya sa ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suke iya yin sujada da taro da harshe ɗaya. Ya ƙetare iyaka zuwa Damagaram da Maraɗi. A ƙasar Sakkwato kuma, da mishan ta SIM ta karɓi aikin jiyyar masu ciwon kuturta a Amanawa a ƙarshen shekarun 1930, ta tarar da Littafin a shirye.

Mu da muke wannan yanki na kudancin Sakkwato, daga Tambuwal zuwa Kebbe da Fakku, Hausarmu ta ɗan bambanta da ta Littafin. Mu mukan ce shina zuwa, Littafin ya ce yana zuwa. Duk da haka ba mu bukatar tafinta tsakaninmu da alkawaran Allah. An sake fassarar wajen 1980 da Hausa mai sauƙi, shi ya sa tsofaffinmu suka saba da Yesu Kristi, mu kuwa muka tashi da Yesu Almasihu, amma a kan harsashin 1932 aka ɗora ginin.

Kasawarsa da ƙarshensa

Ba za mu ɓoye ba, Likita Mila ɗan Adam ne. Mutum ne mai kafiya da kaifin harshe. Ya yi ta saɓani da jami'an gwamnati, da sarakuna, har da abokan aikinsa. A farkon zamansa ya kusanci Turawan mulki ƙwarai, abin da ya sa mutane da yawa suka kasa bambanta mai bishara da mai bindiga, kuma waɗansu maganganun da ya rubuta game da sarakuna da addinin maƙwabtanmu sun yi tsauri fiye da kima. Wannan ba abin koyi ba ne gare mu, gama an umarce mu mu ba da dalilin begenmu da tawali'u da ladabi. Amma Allah ya saba zuba dukiyarsa a tukwanen ƙasa.

Ya ajiye aiki a 1935 ya koma Ingila, amma zuciyarsa ta ƙi zama. Ya dawo Nijeriya, ya zauna a Bukuru kusa da Jos yana koyarwa da rubuce-rubuce, har ya rasu a 1952 yana da shekara 80. A Jos aka binne shi. Bai yi aure ba, bai bar ɗan cikinsa ba, amma duk wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa ya ci gādonsa.

Saura mu

Yanzu takarda tana hannunmu, da harshenmu, kuma an koya mana karatu. Marayan da muka ambata da fari yana da hujja, mu ba mu da ita. Amma mu faɗi gaskiya, da yawa cikinmu Littafin yana ƙasan akwati tare da kwalin sukari da garin kwaki, ba ya fitowa sai ran Lahadi, ko kuwa in jarrabawar ilimin addini ta matso. A Joshuwa sura 18 akwai kabilu bakwai da aka riga aka ba su ƙasa, amma suka zauna suna jinkiri har Joshuwa ya tsauta musu. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Karɓar gādon nan ba da ihu ake yi ba, ba kuma da tsinto aya ɗaya a raba ta da 'yan'uwanta ba. A karanta sura dukanta, a tambaya wa aka yi wa wannan alkawari, a wane hali, kuma da wane sharaɗi. Sa'an nan a ba da gaskiya, a yi addu'a a kai, a yi biyayya. Mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni sura 17 sun sami yabo domin ko wa'azin Bulus sai da suka gwada shi da Littattafai kowace rana. Wanda ya saba da haka, ba mai matsar masa da iyakar gona. Wanda ya karanta sura uku kowace rana, biyar ran Lahadi, zai sauke Littafin duka cikin shekara guda, abin da ya ci wa Likita Mila da abokansa fiye da shekara 30.

Ku 'yan aji shida da kuke shirin barinmu, za ku shiga jami'o'i da barikoki da kasuwanni, inda za a yi muku tayi iri iri. Ku tuna da Isuwa a Farawa sura 25, wanda yunwar yini ɗaya ta sa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate. Wanda ya san abin da aka rubuta masa ba ya sayar da shi da araha. In kuna haɗa kaya, ku sa Littafin a sama, ba a ƙasan akwati ba.

Allah ya ba mu yunwar Maganarsa, da bangaskiyar riƙe ta har ƙarshe. Amin.